Hanyar Gabatar da Daftarin Sabon Irin Shuka ga Kwamitin Ƙasa: Misali daga Ƙasar Funtuwa da Malumfashi

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce bayyana hanyar da sabon manazarci a fannin aikin gona yake bi idan ya samar da wani sabon irin shuka, yana kuma neman hukuma ta amince da shi, a raɗa masa suna, a yi masa rajista, sannan a ba da iznin yaɗa shi ga manoma. Ɗaliban da ke fitowa daga jami'o'inmu sukan san yadda ake haɗa aure tsakanin tsirrai da yadda ake zaɓe a cikin 'ya'yansu, amma kaɗan ne daga cikinsu aka taɓa zaunar da su aka nuna musu yadda ake rubuta daftarin da za a kai gaban kwamiti. Galibi a bakin aiki suke koyo, wajen ɗaukar wa manyansu jaka. An zaɓi ƙasar Funtuwa da Malumfashi don kafa misali saboda da wuya a sami wani yanki a Arewa da aka daɗe ana gwada sabon iri a kan manomansa kamar wannan.

2.0 Yadda Aka Faro

Tun a 1912 aka shigo da audugar nan ta Amurka mai suna Allen cikin Nijeriya ta Arewa, kuma ita ce ta ture audugar gargajiya a kasuwar Turawa. Kamfanin BCGA na Ingila ya kafa gidajen gurza a Funtuwa da Malumfashi, har yau ma da sunan kamfanin ake kiran unguwar da gidan gurzar Funtuwa ya zauna. A 1922 aka buɗe tashar binciken aikin gona a Samaru kusa da Zariya, wadda a 1962 ta zama Cibiyar Binciken Aikin Gona a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. A Daudawa kuma, cikin ƙasar Faskari, aka yi babbar gonar yaɗa irin auduga.

Tsarin wancan zamani ba shi da wuyar fahimta. Masanan Samaru su zaɓi iri, kamar Samaru 26C da wanda ya gaje shi, Samaru 26J, a kai Daudawa a riɓanya shi, daga nan a raba wa ƙauyukan da ke kewaye, a sayi audugarsu daban a fuloti, a gurje ta daban don kada anguryarta ta cuɗanya da wata, sannan baɗi a faɗaɗa da'irar. Da yake hukuma ɗaya ce ke sayen auduga, ita ce kuma ke raba angurya, babu wata ƙofa da baƙon iri zai shigo ta ciki. Wato kenan kasuwar ita kanta ta isa ta tsare ingancin iri, ba a bukatar wani kwamiti na ƙasa.

Abubuwa biyu suka rushe wannan tsari. Na farko shi ne Shirin Raya Aikin Gona na Funtuwa da aka gudanar da rancen Bankin Duniya daga 1975 zuwa 1980, a gundumomin Funtuwa, Bakori, Malumfashi, Ƙanƙara da Faskari. Shirin ya zo da takin zamani mai rahusa da masara mai suna TZB wadda cibiyar IITA ta Badun ta samar, sai masara ta tashi daga bayan gida, inda ake shuka ta don gashi, ta koma amfanin gona na kasuwa wanda ake auna shi da tirela. Masara kuwa kowa na iya sayar da irinta. Na biyu shi ne soke hukumomin sayen amfanin gona da gwamnatin mulkin soja ta yi a 1986, har da Hukumar Auduga. Daga nan angurya ta shiga hannun 'yan kasuwa, aka riƙa cuɗa iri iri-iri a gidan gurza ɗaya.

A cikin wannan hali ne aka kafa Doka ta 33 ta 1987, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Katsina. Dokar ta samar da Kwamitin Ƙasa na Raɗa Suna da Rajista da Sakin Irin Shuka da na Dabbobi, kuma ofishinsa yana cibiyar adana irin tsirrai ta ƙasa, wato NACGRAB, a Badun. Dokar iri ta 1992, da ta 2019 da ta maye gurbinta, sun ƙara wa kwamitin nauyi, domin irin da ya shiga rajista shi ne Majalisar Irin Shuka ta Ƙasa take ba wa shaidar inganci don sayarwa.

3.0 Ƙofar Shiga

Kuskuren da sabon shiga ya fi yi tun farko shi ne zaton cewa zai rubuta daftarinsa ya aika Badun kai tsaye, kamar yadda yake aika maƙala ga mujalla. Ƙa'ida ba ta tafi a haka ba. An raba wa cibiyoyin bincike na ƙasa amfanin gonar da kowace za ta kula da shi. Samaru ce ke da masara da dawa da auduga da wake da gyaɗa. Shinkafa da waken suya da rake da riɗi na Badeggi ne. Gero da alkama na Cibiyar Binciken Tafkin Chadi ne a Maiduguri, rogo da doya na Umudike. Ko da kamfani ne mai zaman kansa ya samar da iri, ko wata cibiya ta ƙasashen waje kamar IITA ko ICRISAT, da cibiyar da aka ɗora wa alhakin wannan amfani ake haɗa gwiwa wajen gwaji da gabatarwa. Saboda haka malamin jami'ar da ke Dutsinma ko Katsina, in ya samar da sabuwar dawa, hanyarsa ta zuwa Badun ta Samaru ta bi, kuma gara ya san haka tun kafin ya shuka gwajin farko, domin sakamakon da aka tara ba bisa tsarin da kwamiti ya sani ba yana iya zama aikin baban giwa.

Shi kansa kwamitin hawa biyu ne. Akwai Ƙaramin Kwamitin Ƙwararru na amfanin gona, wanda shi ke karanta daftari, ya kira mai shi ya kare abin da ya rubuta, ya yi masa tambayoyi. Abin da wannan ƙaramin kwamiti ya yarda da shi ne ake miƙa wa Babban Kwamiti don yanke hukunci. A gaban ƙwararrun ne ake yin gumin.

4.0 Abin da Daftari Ya Ƙunsa

Tambayoyi biyu daftari ke amsawa, kuma wajibi ne marubuci ya raba su a ransa, don ba hujja ɗaya ce ke amsa su ba.

Tambaya ta farko ita ce: shin wannan iri ne na daban? A nan ana bin ma'auni uku da duniya ta saba da su tun yarjejeniyar UPOV ta 1961. Tilas irin ya bambanta da duk wanda aka riga aka sani ta wata siffa da za a iya nunawa. Tilas 'ya'yansa su zama bai ɗaya, wato in an shiga gona ba za a ga wani dogo wani gajere, wani fari wani ja ba, fiye da abin da aka yafe wa jinsinsa. Tilas kuma ya tsaya a kan siffarsa in an maimaita shuka shi shekara da shekaru. Don amsa wannan, marubuci zai kawo salsalar irin, wato iyayensa da inda aka samo su da hanyar da aka bi aka haɗa su, sannan ya siffanta shi filla-filla: tsayin kara, launin ganye, kwanakin da yake yi kafin ya fid da kai, siffar zangarniya ko goyo, launin ƙwaya da girmanta. Wannan sashe ba shi da daɗin rubutawa, shi ya sa ake yi masa riƙon sakainar kashi. Alhali kuwa shi ne malamin duba gonakin iri zai riƙe a hannunsa bayan shekara goma, a wata gona a Ɗandume ko Ƙafur, yana son ya tabbatar ko abin da ke gabansa shi ne abin da aka rubuta a jikin buhu. Siffantawar da ta yi sako-sako rigar kariya ce ga mai sayar da jabun iri.

Tambaya ta biyu ita ce: shin yana da wani amfani da ya ɗara na irin da ke hannun manoma yanzu? Wannan gwaji ne kawai ke amsa ta, kuma gwajin mataki uku ne. Da fari a gonar cibiya. Sannan a wurare da dama cikin yankin da ake nufin irin da shi, fiye da damina ɗaya. Daga ƙarshe a gonakin manoma, da hannunsu, bisa yadda suka saba noma. Adadin wurare da na damina da ake bukata ga kowane amfani yana cikin littafin ƙa'idojin kwamitin, kuma ya kamata sabon shiga ya nemi bugun ƙarshe ya karanta kafin ya tsara gwajinsa.

Ya kamata mu ɗan tsaya a kan irin da ake gwadawa da shi, wato wanda ake shukawa kusa da sabon don a ga fifiko, domin a nan ne daftari da yawa ke tuntuɓe. Abu ne mai sauƙi mutum ya zaɓi tsohon irin da aka daina yayi ya jera shi da nasa, nasa ya yi masa fintinkau, ya rubuta cewa ya fi shi da kashi talatin cikin ɗari. 'Yan kwamiti sun san wannan dabara, don wasunsu su suka samar da tsohon irin. Abin da ake so shi ne a jera sabon da mafi kyawun irin da aka riga aka saki na ajinsa, kuma a haɗa da wanda manoman wurin suke shukawa a zahiri. Ajin nan ma abin lura ne: masarar da ke nuna cikin kwana 90 ba a gwada ta da mai kwana 120 a ce ta gaza, haka nan masara mai aure ba a gwada ta da wadda manomi ke iya ajiye irinta a ce ta yi zarra.

Na biyu a wajen kā da daftari shi ne matsakaicin lissafi. Mu ɗauka, a misali, an gwada wata sabuwar masara a wurare biyar. A wurare uku masu ƙasa mai ƙarfi da isasshen taki ta ba da tan 6 a kowace hekta, tsohuwar ta ba da tan 5. A wurare biyu da ƙuduji ya yi wa katutu sabuwar ta ba da tan 1.5, tsohuwar ta ba da tan 2.5. In aka tara aka raba, sabuwar tana da tan 4.2, tsohuwar tana da tan 4, sai marubuci ya ce tasa ce gaba. Amma manomin da gonarsa ke da ƙuduji, wanda galibi shi ne mai ƙaramin ƙarfi da bai iya sayen taki, in ya bi wannan shawara ya yi asarar buhu goma a kowace hekta. Don haka ne kwamiti ke son ganin sakamakon kowane wuri da na kowace damina a jere, tare da lissafin da ke nuna ko bambancin na gaskiya ne ko dace ne kawai. Wurin da irin ya fāɗi a rubuta shi. Sau da yawa fāɗuwar ba ta hana a saki iri, sai dai a taƙaita yankin da za a ba da shawarar shuka shi. Ɓoye ta ne ke jawo wa marubuci zargi, in wani a zauren ya san labarin wannan gwaji.

Ga auduga akwai ƙarin ma'auni da ba a gona ake samunsa ba: nawa ke saura na farar auduga in an cire angurya, da tsawon silinta da ƙarfinsa da laushinsa, domin masaƙa da gidan gurza suna da bakin magana a kan irin da za a saki. Ga dawa da masara da wake kuma akwai batun ɗanɗano da surfe da niƙa da ajiya a rumbu.

5.0 Gwajin Gonar Manomi

Wannan mataki na uku shi ne aka fi rainawa, kuma tarihin wannan yanki ya isa ya hana a raina shi. A farkon shekarun 1970 D. W. Norman da abokan aikinsa na Samaru sun bi manoman ƙasar Daudawa don su ga abin da ke faruwa da shawarwarin noman auduga in sun bar gonar cibiya. Shawarar masana ita ce a shuka auduga da wuri, cikin watan Yuni, ita kaɗai a gona, a yi mata feshi a kan kari. A gonar cibiya wannan ya ba da amfani mai yawa, babu musu. Amma watan Yuni da farkon Yuli su ne lokacin da magidanci ke noman farko a gonar gero da dawa, kuma ba zai bar abincin gidansa ciyawa ta cinye ya koma wa auduga ba. Sai ya shuka ta a makare, sau da yawa tsakanin wani amfanin. Ga kuma ruwan da feshin wancan zamani ke ci, wanda sai an ɗauko shi a ka daga nesa. Manoman ba jahilci ne ya hana su bin shawarar ba, lissafin ƙwadago suka yi, kuma lissafinsu daidai ne. Darasin da Samaru ta ɗauka daga irin wannan bincike yana cikin abin da ya sa a yau ake ɗaukar gonar manomi a matsayin wurin gwaji na tilas.

Ana gudanar da wannan gwaji tare da malaman gona na jiha, wato na hukumar KTARDA a Jihar Katsina. Shawarata ga sabon shiga ita ce kada ya bar wa malamin gona zaɓen manoma shi kaɗai. Malamin gona ɗan'adam ne, zai kai ka wurin manomin da ke bakin titi, mai shanun huɗa, wanda ba zai ba shi kunya ba. Tun zamanin Shirin Funtuwa malaman jami'a suka yi ta sukar wannan ɗabi'a ta jingina da manyan manoma. In duk gonakin gwajin irin waɗannan ne, an sake yin gwajin cibiya ne kawai a wani wuri. Haka kuma matsalar tsaro da ta addabi ƙasar Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara a shekarun baya-bayan nan ta sa gwaji yakan tattare kusa da manyan garuruwa. Wanda hakan ta same shi ya faɗa a daftarinsa, don kwamiti ya san iyakar abin da sakamakon ke nunawa.

A nan ne kuma batun harshe ya shigo, wanda ya shafi mahalarta wannan taro kai tsaye. Da Turanci ake rubuta daftari, da Hausa ake tattara ra'ayin manoma. Tsakanin biyun abubuwa da yawa ke zubewa. Manomi ya ce wannan dawa tana da auki, ko tuwonta yana kwana, ko karanta yana jan rufi da danni, ko matan gida sun ce tana da wuyar surfe, sai a ga duk an dunƙule su a jadawali an rubuta cewa manoma kaza cikin ɗari sun so irin. Auki kuwa ma'auni ne na gaske, ana iya auna shi: mudu nawa na gari ya ciyar da mutum nawa. Kwanan tuwo ma haka. Wanda ya ɗauki waɗannan kalmomi da muhimmanci, ya tambayi mata daban da maza, ya kawo maganar yadda aka faɗe ta tare da fassararta, daftarinsa zai fi na mai jadawali zalla ƙarfi. Dalilin da ya sa kaura da farafara suka ƙi barin gonakinmu duk da sababbin irin da aka yi ta saki yana cikin waɗannan kalmomin.

6.0 Ranar Kariya

Kafin daftari ya bar gida, cibiyar da ke da alhakin amfanin takan tace shi a cikinta, kuma sukar da aka sha a nan rahama ce. Sannan a aika wa magatakardan kwamiti a kan lokaci, tare da hotunan irin da samfurin ƙwayarsa da za a adana a rumbun NACGRAB, wanda shi ne za a koma gare shi in gardama ta tashi nan gaba. A ranar taro ana ba mai daftari ɗan lokaci ya yi bayani. Masu sauraronsa sun haɗa da masana cututtukan tsirrai da ƙwari da ƙasa da tattalin arziki da malaman gona da wakilan masu sana'ar iri, kowa kuma ta fanninsa zai ɓullo. Hukuncin bai wuce uku ba: a yarda, ko a ce a gyara ko a ƙaro hujja, ko a ƙi. Na tsakiyar shi ne mai zafi, domin ƙarin hujja a aikin gona ma'anarsa ƙarin damina, watau shekara guda cur, da kuɗin gwajin da watakila masu ba da tallafi sun riga sun rufe littafinsu.

Akwai tambaya guda da sabon shiga ba ya tsammani: ina irin yake? Kwamiti yana son sanin ko akwai isasshen irin tushe a hannun mai daftari, da wanda zai riɓanya shi. Kundin rajista na ƙasa yana ɗauke da sunayen iri da dama waɗanda aka saki amma manomi bai taɓa ganinsu a kasuwar Funtuwa ko ta Bakori ba, saboda an tsaya a samun suna.

Idan irin na cikin waɗanda aka sauya wa ƙwayar halitta ne, akwai wata ƙofar kafin wannan, wato Hukumar Kula da Lafiyar Fasahar Halittu da aka kafa a 2015. Ta nan audugar Bt ta kamfanin Mahyco ta bi kafin a sake ta a 2018, da waken SAMPEA 20-T mai jure tsutsar fure a 2019, da masarar TELA a Janairun 2024. Akwai ƙungiyoyin da ke adawa da waɗannan iri, kuma muhawarar ba ta mutu ba. Abin da ya shafe mu a nan shi ne iznin waccan hukuma ba ya ɗauke wa mai iri gwaji uku da aka ambata. Haka nan Dokar Kare Haƙƙin Masu Samar da Iri ta 2021 hanya ce daban: ita mallaka take tabbatarwa, rajistar kwamiti kuwa iznin yaɗawa ce, kuma samun ɗaya bai wadatar da ɗayan ba.

Irin da ya tsallake yakan fito da suna mai ɗauke da tambarin cibiyarsa da lamba: SAMMAZ ga masara, SAMSORG ga dawa, SAMCOT ga auduga, SAMNUT ga gyaɗa, SAMPEA ga wake. Sunayen nan sun dace da kundi, amma ba su zama a bakin manomi. Shi sai ya laƙaba wa irin nasa sunan, ko na wanda ya fara kawo shi garin, ko na shirin da ya raba shi, ko na kwanakin da yake yi, har a wayi gari iri uku suna amsa suna ɗaya a kasuwa ɗaya, mai shagon iri kuma ya sayar da duk wanda ke gabansa. Babu abin da ya hana mai daftari, tun yana gonakin gwaji, ya saurari sunan da manoma suka fara kiran irin da shi, ya rubuta shi a daftarin, ya nemi kamfanonin da za su sayar su buga shi a jikin buhu kusa da lambar rajista, da boko da ajami.